Mai Naɗin Waya ta Berestivka

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Berestivka ya ga Taisa Panasivna, ko da bai san sunanta ba. Ita ce dattijuwar nan mai faffaɗar kafaɗa da ke zama kusa da rumfar tikiti, gabanta kwalaben kokwamba da kabejin da ta tsima da gishiri. Baƙi ne kawai suke mata kallon mai talla. 'Yan gari sun san tun tana budurwa ta shiga masana'antar gyaran taransfoma da ke bayan layin dogo, kuma a zauren naɗi ta ƙare ƙuruciyarta har furfura ta fito mata.

Aikinta shi ne naɗa wayar jan ƙarfe da ke cikin taransfoma, zagaye kan zagaye, kowane layi a raba shi da ɗan'uwansa da takarda. Idan ka sassauta, ya lalace. Idan ka matse da yawa, takarda ta fashe, nan ma ya lalace. A masana'antar ta haɗu da Hnat, direban motar ɗaga kaya, suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, Solomiya. Sai aka wayi gari gyaran tsohon taransfoma ya fi sayen sabo tsada. Aiki ya yi ta raguwa har aka garƙame ƙofa, tun kafin yaƙi da daɗewa. Hnat bai jima ba bayan haka ciwon zuciya ya ɗauke shi. Taisa ta koma ga ɗan fanshonta da lambunta, ta ce ita da waya sun yi sallama.

Da yaƙi ya zo aka ɗauki Zakhar, mijin Solomiya, aikin soja, aka tura shi fagen daga a gabas. Solomiya ta kulle ɗakinsu ta dawo wurin uwarta. Aikinta a gida take yinsa: ta zauna a teburin kicin da abin saurare a kunne, tana amsa kiran mutanen da kayansu suka ɓata a hannun wani kamfanin aika saƙo. Daga safe zuwa yamma ba abin da Taisa ke ji sai, “Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, yanzu zan duba miki.” Albashin ba yawa, amma shi ne ke riƙe da gidan.

Wata ranar Talata Taisa ta dawo daga tasha ta tarar da abin sauraren a ajiye, Solomiya kuma tana fere dankali da rana tsaka.

“Yau hutu aka ba ku?”

“Hutun da babu komawa, Mama. Sun ce ciniki ya ja baya saboda yaƙi, ba za su iya riƙe mu ba. Sun sa ƙirƙirarriyar basira ta riƙa amsa kira. Ita ba ta gajiya, ba ta gudu ɗakin ƙasa idan jiniyar gargaɗin hari ta yi kuka.”

“Ba ni lambar kamfanin.”

“Mama, don Allah.”

“Na ce ki ba ni lambar.”

Taisa ta ɗora tabarau ta danna. Wata murya mai laushi ta gaishe ta, ta tambaye ta da me za ta taimaka mata.

“Ke ce kika ƙwace wa 'yata aiki?”

“Ki yi haƙuri da abin da ya faru, ranki ya daɗe. Za ki iya faɗa mini lambar kayan da suka ɓata?”

Taisa ta janye wayar daga kunne ta dubi 'yarta. “Solya, har yadda kike jan ‘haƙuri’ ta sace! Ke ce sak.”

“Ai da muryoyinmu aka koya mata.”

Solomiya ta yi dariya har ta share ido, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kafin wata ya ƙare wata 'yar'uwar Zakhar ta samo mata gurbi a wani ɗakin ajiyar kaya a Poland, ta kuma sayi tikitin mota. Taisa ba ta ce kada ta tafi ba. Me za ta ba ta idan ta zauna, kabeji?

Ana cikin haka, a farkon sanyi, jirgi marar matuƙi ya faɗa kan tashar wutar garin da sassafe. Allah ya kiyaye, masu gadi suna ƙasa, ba wanda ya rasu. Amma babban taransfoman ya ci wuta har hayaƙinsa ya rufe rana.

Sai garin ya fara mutuwa a tsaye. Ana aro wuta daga layin maƙwabta, ta zo ɗan lokaci ta ɗauke. Gidan burodi ya koma janareta har kuɗin gas ya cinye ribar, ya rage gashi. Kamfanin madara ya daina tura mota ƙauyuka, mata suka yi ta yin cuku har suka rasa mai saye. Masu walda suka rufe shago. Waɗanda ke saman bene suka koma hawa da bokitin ruwa. A tasha kuwa, masu fita sun fi masu shigowa, kuma mai barin gari ba ya sayen kwalbar kokwamba.

Ran nan sai ga Ostap Lukich, shugaban ofishin wutar garin, ya tsaya gabanta. Mutum ne siriri, idanunsa sun yi zuru-zuru don rashin barci. Ya ɗauki kwalba ya juya, ya ajiye, ya sake ɗauka.

“Ostap Lukich, in saye za ka yi ka saya, in magana ce ka yi ta. Kana tare mini rana.”

“Taisa Panasivna, taimako na zo nema.”

“Ni? Ba an ce za a kawo sabo daga waje ba?”

Ya girgiza kai. “Babu shi. Mu nan ana fasa mana su kullum. Can kuma kamfanonin da ke gina manyan gidajen kwamfuta, inda ake kiwon ƙirƙirarriyar basirar nan, sun riga sun kama layi. Gida ɗaya yana shan wutar da ta fi ta garinmu duka. Sun biya kuɗin wanda ba a ma ƙera ba tukuna. An ce mu jira shekara biyu, wataƙila uku.”

“Wato wadda ta kori 'yata daga aiki, ita ce kuma ta sha gabanmu a layi.”

“Kusan haka.”

Sai ya faɗa mata abin da ya kawo shi. A tsohon kamfanin sukari da aka rufe akwai taransfoma yashe cikin ciyawa. Naɗi uku ne a cikinsa, biyu lafiya lau, ɗaya ya ƙone tun zamanin da. Ya samo waya da ƙyar, don jan ƙarfe ma ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Mai naɗawa ne babu. Cikin mutanen tsohon zauren, wasu sun mutu, wasu sun bar ƙasar. Saura ita da Yukhim Karpovich.

“Yukhim? Kurman nan yana nan da rai?”

“Shi ya ce in zo wurinki. Ya ce in ke ba ki zo ba, shi ma ba ya zuwa.”

Yukhim shi ne mai gwajin taransfoma a da. Ya taɓa neman aurenta kafin Hnat, ta ƙi shi, kuma tun daga lokacin bai taɓa bari ta manta ba. Washegari da ta isa zauren ta same shi yana korar tattabaru da tsintsiya, hularsa har kunne.

“Panasivna! Kin tsufa!” ya daka mata tsawa, don shi ba ya jin ƙarfin muryarsa.

“Kai kuma ka ƙara kyau, ko? Dubi bakinka, ko haƙori ɗaya babu.”

“Me kika ce?”

“Na ce barka da aiki!”

“Da kin aure ni da ba ki tsufa haka ba!”

Suka share injin naɗin, suka shafa masa mai, aka jona shi da janareta. Da ta ji ya fara juyawa sai ƙirjinta ya buɗe, kamar ta ji muryar wani nata da ya daɗe a tafiya. Ta sa safar hannu, ta taka fedar, ta kama waya.

Ba ta yi nisa ba hannuwan suka ƙi. Idonta ya san inda waya za ta kwanta, ƙafarta ta san saurin da ya kamata, amma yatsun da sanyin ƙashi ya kumbura ba su iya riƙe wayar da ƙarfi. Ta zame mata sau ɗaya, ta sake kamawa, ta sake zamewa. Ta cije leɓe ta ci gaba har zafin ya hau mata kafaɗa. Daga ƙarshe ta ɗage ƙafa, injin ya tsaya. Ta zauna kan akwati ta cusa hannuwa a hammata. Yukhim ma ba zai iya karɓar ta ba. Shi ma tsufa ya cinye masa ƙarfin hannu.

A haka Solomiya ta same su da ta kawo musu tukunyar miyar borsh naɗe da tawul. Ta dubi uwarta, ta dubi injin, ta gane.

“Ke 'yar Hnat!” in ji Yukhim. “Ajiye tukunyar nan ki zo ki riƙe!”

“Kawu Yukhim, ni ban san komai a nan ba.”

“Ba sani na ce ki kawo ba, hannu na ce! Sanin yana wurin tsohuwar nan!”

Solomiya ta cire kwat ta sa safar uwarta. Taisa ta tsaya a bayanta, kusan haɓarta a kan kafaɗar 'yar.

“Ja. Ban ce ki fizge ba, ba akuya ba ce. Sassauta kaɗan. Haba Solya, sassautawa na ce, ba saki ba!”

“To ki ce mini ɗaya mana!”

“Ji da hannunki. Idan ta kwanta daidai za ta daina yi miki gardama.”

Ranar ba su naɗa abin kirki ba, gwaji kawai suka yi a kan guntayen waya. Sai wata matsala ta ɓullo. Takardun tsohon taransfoman sun ɓace, naɗin da ya ƙone kuma ya narke wuri guda, ba a iya sanin zagaye nawa ne a cikinsa. Solomiya ta ɗauki hoton rubutun da ke jikin ƙarfen, ta auna abin da za ta auna, ta tambayi basirar da ke cikin wayarta. Kafin a ce me, amsa ta fito.

“Ba zan karɓi lissafi daga hannun ɓarauniya ba,” in ji Taisa.

Ta ɗauko allurar saƙa, ta durƙusa gaban naɗin da ke da lafiya, ta bi shi layi-layi tana ƙirga, yini guda cur. Da ta gama ta miƙe tana dafa ƙugu, ta ce a nuna mata abin da wayar ta ce. Ta duba, ta sake dubawa.

“To?” in ji Solomiya.

“Ɓarauniya ce, amma ta iya lissafi.”

Daga nan aiki ya kankama. Hannun Solomiya ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Uwa da 'ya suka yi ta faɗa daga safe zuwa yamma, Yukhim yana yanka takarda yana raba su da abin da bai ji ba. Idan jiniya ta yi kuka su tsayar da injin su sauka ramin da ke ƙarƙashin zauren, in ta yi shiru su hau su ci gaba. Mai gidan burodi ya riƙa aiko musu da burodi mai zafi, ya ce kada kowa ya yi masa maganar kuɗi.

Da naɗin ya kammala Yukhim ya jona na'urar gwajinsa. Allurar na'urar ta ɗaga, ta yi rawa, ta faɗi. Ya sake. Ta sake faɗuwa. Ya cire hula ya sosa kai.

“Akwai inda takarda ta fashe a ciki,” ya ce, kuma wannan karon a hankali ya yi magana.

Da suka fara warwarewa suka ga wurin, can kusa da tsakiya. A nan jiniya ta taɓa katse su, suka bar waya sake, da suka dawo aka ja ta da ƙarfi. Rabin aikin sai an sake shi.

Solomiya ta cire safar ta jefar. “Ni na gama. Motata jibi take tashi, Mama. Na yi iya yina.”

“Wa ya riƙe ki?”

“Ko ‘sannu’ ba ki taɓa ce mini ba tun da muka fara!”

“Ni wa ya ce mini sannu da nake koyo? Tafi abinki. Can ma kwali za ki yi ta ɗauka, ba mai ce miki sannu.”

Ta san ba ta kyauta ba tun kafin ta rufe baki, amma ba ta iya janyewa. Suka koma gida. Akwatin Solomiya yana bakin ƙofa, a ɗaure.

Ranar tafiyar Taisa ta tashi da wuri ta dafa ƙwai, ta naɗe su da burodi da kwalbar kokwamba ta ɗora kan akwatin. Ba ta iya zuwa tasha ta ga motar ta tashi, don haka ta wuce zauren. Ita da Yukhim suka zauna suna warware waya da 'yan hannuwansu, a hankali, kamar masu tsince shinkafa. Ta ji lokacin da motar Poland ta yi ham a kan gada. Ba ta ɗaga kai ba.

Can sai ƙofar zauren ta yi ƙara.

“Kin cika gishiri a ƙwan nan,” in ji Solomiya, tana tauna. “Ina safata?”

Taisa ta ɗaga kai ta dube ta. Ta ce, “Tikitin fa?”

“Na ɗaga shi. Na kira kamfanin motar, irin muryar nan ce ta amsa. Ko gardama ba ta yi mini ba.”

Taisa ta sunkuya ta ɗauko safar daga inda aka jefar da ita, ta kakkaɓe, ta miƙa mata. “Sannu, 'yar nan,” ta ce.

“Me ta ce?” in ji Yukhim.

“Ba da kai ake ba!” suka haɗa baki.

Naɗi na biyu ya fi na farko sauri, don yanzu hannun Solomiya ya fara jin abin da uwarta ke nufi. Idan jiniya ta yi kuka sai sun ɗaure waya tam kafin su sauka. Da Yukhim ya jona na'urarsa allurar ta ɗaga ta tsaya cak. Aka busar da naɗin a tanda, aka haɗa, aka cika mai, aka ɗora taransfoman a babbar mota. Mutane suka fito bakin titi suna kallonsa yana wucewa da tsatsarsa da komai. A tashar wuta aka kewaye shi da tubalan kankare da buhunan yashi.

Da la'asar aka kunna, ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ostap Lukich ya sa kowa ya ja da baya, ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya ɗaga hannu. Aka ji ƙarar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Taisa ta zuba ido, don ta san in zai fashe, yanzu ne. Sai wani gurnani mai laushi ya taso daga cikinsa, ya daidaita, ya ci gaba ba tangarɗa.

Ta zauna kan buhun yashi. Ta daɗe ba ta san irin nauyin da take ɗauke da shi ba sai da ya sauka. Daga nesa ta ga tagogin benaye suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, wani wuri kuma rediyon da aka manta a kunne ya ɓarke da kiɗa. Ostap Lukich ya zo zai yi jawabin godiya, ya kama hannunta da hannu biyu, sai kawai ya fashe da kuka.

“Kai, sakar mini yatsu, ciwo suke,” ta ce. “Je ka yi barci.”

Solomiya ta aika wa Zakhar hoton. Bayan kwana biyu amsarsa ta zo, muryarsa a dashe amma yana dariya: wai ashe injiniya ya aura bai sani ba, kuma ya gaya wa duk 'yan rukuninsu.

Labari ya bazu. Garin da ke gaba suka kira, suna da ƙonanne guda biyu. Sai wani gari, sai wata babbar gona. Tsofaffin taransfoman da aka yasar a bayan masana'antu duk suka zama abin nema. Kafin bazara an gyara rufin zauren, an tada injin na biyu, an ɗauki mata aiki, har da mai gyaran gashi da wata malamar makaranta da ta gudo daga gabas. Kamfanin madara ya dawo da motarsa ƙauyuka. Solomiya ta zama shugabar masu naɗi, da albashi da komai. Wani ɗan jarida ya tambayi Taisa ko tana farin ciki da sana'arta ta dawo. Ta ce masa yaƙi da kwamfuta ne suka dawo da ita, kuma ba ta gode wa ko ɗaya a cikinsu ba, amma tun da aikin ya zo, za a yi shi da kyau.

Ba wai komai ya daidaita ba ne. Jiniya tana nan tana kuka, Zakhar yana can, kuma kowa ya san abin da aka gyara yau ana iya fasa shi gobe. Sai dai yanzu garin ya san inda zai kai shi.

Wata safiya Taisa tana neman takalminta, Solomiya ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura gyale.

“Mama, yau ki zauna gida. Aikin yau ƙarami ne, za mu iya.”

“Za ku iya? Ba tare da ni ba?”

“In mun maƙale zan kira ki.”

Taisa ta yi niyyar yin fushi. Ta nemi fushin ta rasa. Ta tsaya a taga tana kallon 'yarta na tafiya da sauri ta wajen layin dogo, sannan ta ɗora ruwa a wuta, ta zuba a kwano, ta tsoma hannuwanta ciki har wuyan hannu. Ɗumin ya ratsa ta. Ta lumshe ido.

Ba ta jima ba aka ƙwanƙwasa. Maƙwabciyarta ce, Lukeriya, da faranti rufe da adiko.

“Panasivna, ga 'yan varenik, dafaffen kwaɓin fulawa mai cuku a ciki, da zafinsu. Dama cewa na yi ko za ki sa baki a ɗauki surukata a zauren. Yarinyar tana da ƙarfi, ga haƙuri.”

“Ni yanzu ba ni da iko a can,” in ji Taisa, ba ta ko cire hannu daga ruwan ba. “Sai ki jira mai wurin ta dawo da yamma. Amma ajiye farantin, ki jawo kujera.”